Yadda Ake Goya Kyamarar Suruki Zuwa Legas a Jirgin Sama

"Kaka, me ya sa hoton kowa yana bango amma na mijinki babu? Ko mummuna ne?"

Miriyam ce, 'yar shekara huɗu, ta saki wannan tambaya wata Lahadi bayan an taso daga coci, tuwon acca na tsakiyar falo yana tururi, Fasto da uwargidansa sun riga sun wanke hannu. Uwarta, Hulda, ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kakar, Mama Serah, ta mayar da lomar da ta ɗauka cikin kwano, ta bi bangon da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ƙawata, mijina kyakkyawa ne. Shaida ce dai ba ni da ita." Daga nan tuwon bai ƙara shiga bakinta ba.

Marigayi Baba Bartholomew, wanda duk Kafanchan ta sani da Baba Bato Mai Hoto, a bayan kyamara ya ƙare rayuwarsa. Aure, baftisma, 'yan makaranta, ma'aikatan jirgin ƙasa, har aladen da mai shi yake alfahari da ƙibarsa, duk ya ɗauka. Shi kansa dai bai taɓa yarda ya tsaya a ɗauke shi ba, wai bai ga hannun da ya amince da shi ba. Sau ɗaya tak ya saki kyamarar, ranar da aka miƙa Miriyam ga Ubangiji a coci. Ya rungumi jaririyar, ya ba ɗansa Christopher, mijin Hulda, kyamarar ya ce, "Danna nan. Idan hannunka ya yi rawa, ba ni na haife ka ba." Ba a daɗe ba Baba ya rasu. Fim ɗin, wato baƙin naɗin nan da kyamarorin dā suke ajiye hoto a jikinsa, yana nan a ciki ba a wanke ba, gama masu wanke fim a garin duk sun koma buga hoton waya.

Sai ga hanya ta buɗe. Mildred, ƙanwar Christopher, ta haihu a Legas, ta aiko da tikitin jirgin sama a zo a yi mata wankan jego, ta kuma ce ta san wani shago da har yanzu ake wanke fim. Mama Serah ta ce da Allah yana so ta tashi sama da ya ba ta fiffike. Christopher malamin makaranta ne, ana tsakiyar jarrabawa. Aka duba, Hulda ce ta rage, da Miriyam, da kyamara.

'Yar'uwa, idan ke ma irin wannan kaya ya faɗo kanki, ga hanya. Bi matakan nan yadda Hulda ta bi su. Na ba ki tabbaci za ki dawo gida da kyamararki, da hotonki, da mutuncinki. Biyu daga cikin ukun dai babu makawa.

Mataki na ɗaya: Ki san maƙiyanki

Fim yana da maƙiya huɗu: haske, zafi, na'urar da take haska cikin kaya a filin jirgi, da dangi. Na ƙarshen ya fi sauran haɗari, gama shi kaɗai ne yake da hannu.

Mutanen yanzu waya suka saba da ita: ka ɗauka, ka juya, ka gani. Saboda haka duk wanda ya riƙe tsohuwar kyamara sai ya juya bayanta yana neman inda hoto yake fitowa. Idan bai gani ba, sai ya fara neman ƙofa. Ranar da aka ciro kyamarar daga ƙasan akwatin Mama, Kawu Sambo, ƙanen marigayin, ya zo daga Fadan Kagoma a kan babur. Kafin a kawo masa ruwa ya riga ya ɗauke ta yana jujjuyawa.

"To ina yayan nawa? Ta ina ne ake kunna shi?"

"Kawu, don Allah a ajiye, ba a kunna ta!"

"Ke, ni nake riƙe masa jaka tun ba a yi auren uwarki ba. Ni za ki koya wa hoto?"

Hulda ta durƙusa har ƙasa, ta karɓe kyamarar da hannu biyu, cikin irin ladabin nan da yake barin shaidar farce a bayan hannun dattijo. Sannan ta tara gidan duka ta yi bayani: "Kun ga ɗan abin juyawan nan da yake sama? Idan aka ja shi, ƙofar baya za ta buɗe. Haske ya shiga, shi ke nan, Baba ya tafi karo na biyu."

Kowa ya gyaɗa kai. Miriyam ma ta gyaɗa, ta ma fi kowa gyaɗawa.

Masana sun ce kafin tafiya a naɗe fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa, a cire shi, a sa a ledar da ake ganin cikinta. Gaskiya suka faɗa. Amma masanan ba su ga Christopher ba, bayan ya kalli bidiyon yadda ake yi, ya zauna da kyamarar mahaifinsa a cinya, hannunsa na karkarwa kamar mai zazzaɓin cizon sauro. Hulda ta ce, "Baban Miriyam, ba ni. Haka za ta tafi, a rufe, yadda Baba ya bar ta." Idan mijinki mai irin wannan hannu ne, ke ma ki yi haka.

Mataki na biyu: Kada kowa ya ji za ki yi tafiya

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma a ƙasarmu ba a haifi matar da ta iya shi ba tukuna.

Hulda ba ta gaya wa kowa ba. Mama Serah ce ta gaya wa uwargidan Fasto kaɗai, don addu'a. Lahadi ta zo, lokacin sanarwa, sai aka ji daga bagade: "'Yar'uwarmu Maman Miriyam za ta tashi sama zuwa Legas. Mu tuna da ita." Jama'a suka tuna da ita ƙwarai. Suka kuma tuna cewa kowannensu yana da ɗa a Legas.

Kin dai san halinmu. Ba a tafiya hannu banza, ba a kuma mayar da saƙo. Kafin tsakiyar mako falo ya cika: busasshiyar citta, acca, gyaɗa, zuma a robar lemo, kifi a tsohuwar jarida. Inna Nene, Bafulatanar da take kawo wa gidan nono, ta zo da man shanu a kwalba ta ce na mai jego ne. Shugabar Zumuntar Mata ta coci ta shigo da doya mai tsawon hannun mutum, a kai wa ɗanta.

Hulda ta tambayi Shugaba, "Mama, a wace unguwa yake?"

"A Legas. Kusa da wata gada. Ki tambaya, dogo ne, kowa ya san shi."

"Mama, ai jirgi yana auna kaya."

"Jirgin da yake ɗaukan mutane kamar coci guda, doya ɗaya ce za ta kayar da shi? Haba, Maman Miriyam, ki ji tsoron Allah."

Karɓi kowane saƙo da hannu biyu. Ki ce, "Zai ji." Kada ki sake ambaton awo. Matar da ta ƙi saƙo, kujerar kusa da ita a coci takan yi wata guda babu kowa a kai.

Mataki na uku: Shirya jakar hannu kamar mai hankali, sannan ki bari a ɓata miki ita

Jaka biyu za ki yi. Babba tana shiga cikin cikin jirgi, inda ake jifa da kaya kamar buhun masara, kuma na'urar da take haska ta ta fi ƙarfi, tana cin fim yadda rana take cin zanen da aka manta a igiya. Saboda haka kyamara ba ta shiga babbar jaka, ko da wa ya ba ki shawara. Ita da batirinta a hannu suke tafiya. Zuma, man shanu da duk abin da yake zuba, a ɗaure a leda, a sake ɗaurewa, su tafi babba.

A jakar hannu ki sa abin da idan ya ɓata za ki yi kuka: kyamara, maganin yarinya, wandon canji, biskit, da alewar da za ta tsotsa don kunne lokacin tashi. Iyakarta ke nan.

Matsalar ita ce kowace mai saƙo ta yi imani nata ne abin da idan ya ɓata za a yi kuka. Hulda ta iya da kowa ban da surukarta.

"Daddawa a hannu za ta tafi."

"Mama, wari za ta yi a jirgi."

"Ƙamshi, 'yata. Idan babbar jakar ta ɓata, da me za a yi wa Mildred miya? Da hoto?"

Daddawa ta shiga. Doyar Shugaba ma ta shiga, gama Shugaba da kanta ta tsaya har aka ja zif.

Yanzu kyamara. Ki sa mata safar jariri a kan gilashin, ki naɗe ta da shawul mai laushi, ki rufe sama da hular ulu don kada wani abu ya taɓa ɗan abin juyawan nan. Sannan ki kai jakar wurin mai sikelin citta a kasuwa ya auna miki. Hulda ta kai, allura ta wuce iyaka ta ci gaba da tafiya. Ta cire kyamarar don ta ga ko za a samu sauƙi, ta riƙe ta a ƙirji cikin shawul da hula. Mai sikeli ya ɗago kai ya ce, "Af, Madam, ashe an samu ƙaruwa? Barka!"

Hulda ta buɗe baki za ta gyara masa, sai ta rufe. A nan wata dabara ta faɗo mata.

Mataki na huɗu: A mota, kyamara fasinja ce

Kafin jirgi akwai mota, kuma daga Kafanchan zuwa filin jirgi ba nan kusa ba ne. Direba zai ce a sa komai a but ɗin bayan mota, inda zafin ƙarfe yake iya dafa ƙwai. Ki ƙi. Zai ce to a ɗora a gaban gilashi, inda rana take zama. Ki ƙi da ƙarfi.

Hulda ta zauna a gefen inuwa, Miriyam a cinya ɗaya, kyamara a ɗaya, tana yi mata fifita da murfin kula. Da mota ta karya kwana rana ta dawo gefenta, sai ta roƙi fasinjoji a yi musanyar wuri. Wani dattijo ya tashi da sauri yana cewa, "A ba mai ɗanyen goyo wuri mana." Ba ta yi masa ƙarya ba. Godiya kawai ta yi.

Mataki na biyar: Na'ura ba ta haska jariri

Ga dabarar. A filin jirgi kowace jaka sai ta bi ta cikin na'ura. Ta jakar hannu ba ta kai ta babbar jaka ƙarfi ba, amma an ce sababbin da ake kawowa yanzu ba su da tausayin fim, kuma ke ba ki san wace iri za ki tarar ba. Abu ɗaya kika sani: ba a ɗora jariri a kan bel ɗin da yake jan kaya cikin na'ura. Saboda haka kafin ki shiga layi, ki ratse gefe, ki sunkuya, ki ɗora kyamarar a baya, ki ja zani, ki ɗaure da majanyi. Bari hular ta ɗan leƙo. Ki riƙa jijjiga kaɗan-kaɗan.

Hulda ta yi haka, ta yi shi da kyau. Wata mata a layi ta ce, "Yaronki ba ya rigima." Hulda ta ce, "Haka yake."

Abin da ba ta lissafa ba shi ne, bayan jaka ta bi na'urarta, mutum ma yana da tasa ƙofar da yake wucewa, kuma ƙofar nan tana jin ƙarfe. Kyamarar Baba kuwa ƙarfe ce tsantsa, irin na dā. Tana sa ƙafa, ƙofa ta fasa ihu.

Jami'ar da take wurin, wata doguwa mai ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, an rubuta Yasmin a ƙirjinta, ta matso da murmushi. "Madam, ɗan sauke mana jaririn mu duba ki."

"Yana barci."

"Ba za mu tashe shi ba. Kawo shi in riƙe miki."

Hulda ta tsaya. Layi ya tsaya. Ita mace ce da ba ta iya ƙarya mai tsawo ba, gumi ya fara bin bayanta yana gangarawa wajen da fim yake, abin da ya ƙara tayar mata da hankali. Tana neman kalmar da za ta fara da ita, sai Miriyam ta ga ya kamata ta taimaki uwarta. Ta ɗaga murya yadda ake koya musu a makarantar Lahadi:

"Ba jariri ba ne! Kakana ne a ciki! Ya mutu!"

Matar da ta yaba wa yaron ta ja da baya ta ce, "Jinin Yesu!" Wani Alhaji ya saki jakarsa yana salati. Wani ɗan saurayi ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyo. Jami'ai maza biyu suka fara tahowa a hankali.

A nan, 'yar'uwa, sai ki yi abin da ya kamata ki yi tun farko. Hulda ta kwance majanyi, ta sauke goyon, ta cire hula, ta cire shawul, ta cire safa, ta riƙe kyamarar a tafin hannu biyu, ta faɗi gaskiya daga bangon falo har zuwa wankan jego. Ta faɗi har wurin da Mama ta ce ba ta da shaida.

Jami'a Yasmin ta yi ƙoƙari ta riƙe fuskar aiki, ta kasa. Ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo tana share ido ta ce, "Maman yarinya, ai da kin ce a duba miki da hannu saboda akwai fim a ciki, da tuni kin wuce. Roƙo kawai ake yi."

"Ba za ki buɗe ba?"

"Ba zan buɗe ba. Amma ki daina goya dattijo, ki ba shi girmansa."

Ta shafa kyamarar da wani ɗan ƙyalle, ta leƙa ta ramin dubawa, ta jujjuya ta, ta miƙo mata. Sannan ta koma kan jakar hannu, wadda ta fito daga na'ura tana jiran bayani. Ta ciro doya ta ɗaga sama. "Wannan kuma kakan wa?"

Mataki na shida: A cikin jirgi, ki yi addu'a da ido ɗaya

Za a ce ki sa kayanki a akwatin da yake saman kai. Jaka ta hau, ita da daddawarta, jama'a su yi ta waige-waige suna zargin juna. Kyamara kuwa kada ta hau, gama wani zai zo ya danna mata akwatinsa. Ki riƙe ta a cinya. Ki ɗaure wa yarinya bel, ki ba ta alewa, ki nuna mata taga.

Har nan Hulda ba ta yi kuskure ba. Kuskurenta na tarbiyya ne. Tun tana ƙarama an koya mata ba a magana da Ubangiji ido a buɗe, kuma ba a fara tafiya ba tare da an miƙa hanya ba. Da jirgi ya fara gudu, ƙasa ta fara zamewa daga ƙarƙashinta, sai ta saki komai, ta haɗa hannu biyu, ta rufe ido gam. Ta miƙa direban jirgi, ta miƙa injin dama, ta miƙa na hagu. Ta miƙa Christopher da 'yan ajinsa. Ta nemi gafarar abin da ta bari dattijon mota ya zata. Tana cikin miƙa ɗan Shugaba da gadarsa, sai ta ji wata 'yar ƙara: ƙyas.

Sannan muryar Miriyam, cike da ɓacin rai: "Mama, babu kowa a ciki. Baƙar leda ce kawai."

Hulda ba ta ce amin ba. Ta buɗe ido ta ga ƙofar baya a wangale, ranar sama tana zubowa ta taga kai tsaye cikin cikin kyamarar. Ta kife ta da tafin hannu, ta danna ƙofar ta rufu, ta cusa kyamarar cikin rigarta, ta duƙa a kai kamar kaza a kan ƙwai.

Ba ta daki yarinyar ba. Ta kalle ta, ta ga leɓen ƙasa ya fara rawa, ta ji tana cewa, "Ni dai ina so in gan shi ne." Sai Hulda ta jawo ta jikinta, su uku suka tafi a haka har Legas, biyu suna kuka, ɗaya tana warin daddawa.

Ki koya daga nan. Ubangiji yana jin addu'ar mai ido ɗaya a buɗe. Shi ya ba ki yarinyar, ya san abin da ya ba ki.

Mataki na bakwai: A shagon wanki, ki faɗi gaskiya ki zauna

Mai shagon wata mata ce da ake kira Madam Lucia. Hulda ta ba ta labari, Mildred tana fassara inda Turanci ya ƙare. Madam Lucia ta naɗe fim ɗin, ta cire, ta ce hotunan ƙarshe sun tafi, wannan babu shakka. Na can ciki, waɗanda suka naɗu a ƙarƙashin 'yan'uwansu, wataƙila. Ya danganta da ko hoton da ake nema shi ne na ƙarshe.

Babu wanda ya sani. Aka bugo wa Christopher, ya ce shi dai ya danna, bai ƙirga ba.

Kada ki kira gida ki ce komai. Ki yi wa mai jego wanka, ki dama kunu, ki nemi dogon mutum kusa da gada. Idan Mama ta bugo ta ce, "Yaya mijina?" ki ce, "Yana wurin wanki, Mama." Gaskiya ce.

Ranar karɓa Hulda ta buɗe ambulan a tsaye. Ga auren wasu da ba ta sani ba. Ga mawaƙan coci. Ga wasu farare fat, babu komai sai inuwa-inuwa, waɗannan su ne na ƙarshe, waɗanda Madam Lucia ta ce da alama taron mata ne cikin anko. Sannan ga shi. Dattijo ne siriri mai faɗin goshi, cikin babbar riga, bakinsa a buɗe yana yi wa mai ɗauka faɗa, jaririya a hannunsa tana barci. Fuskarsa ta fito tsaf, har gibin haƙorinsa. Hasken da ya shiga bai kai fuskar ba. A saman hoton ya tsaya, ja da ruwan zinariya, ya zubo daga sama ya kewaye hularsa ya sauka a kafaɗa ɗaya.

"Wannan ƙunar haske ce," in ji Madam Lucia. "Ina iya rage ta a kwamfuta."

Hulda ta ce a bari. Ba ta son a ƙara taɓa Baba.

Mataki na takwas: Ki kama bakinki

Hulda ta shirya jawabinta tun daga mota. Za ta durƙusa ta ce, "Mama, a yi haƙuri, sakacina ne, hoton ya ɗan ƙone a sama." Ta shiga falo ta tarar Zumuntar Mata sun cika shi, Kawu Sambo ya zo da baburinsa, Inna Nene na bakin ƙofa da ƙwaryarta. Ta durƙusa, ta miƙa ambulan, ta buɗe baki.

Mama Serah ta riga ta ciro hoton. Ta riƙe shi nesa da ido, ta matso da shi kusa. Ta shafa goshin da babban yatsa.

"Bato," ta ce a hankali. "Har yanzu faɗa kake yi."

Shugaba ta leƙo ta kafaɗarta, ta ga abin da yake saman hular, ta dafe ƙirji. "Ku zo ku ga ɗaukaka! Haske daga sama! Ashe tun yana da rai an riga an yi masa alama!"

Wata ta ɗauki waƙa, sauran suka amsa. Kawu Sambo ya cire hula yana cewa shi dama ya sha ganin wani abu a kan yayansa idan rana ta faɗi. Inna Nene ta leƙa ta ce mutumin kirki ne, bai taɓa taya nononta ƙasa da yadda ta faɗa ba. Mama Serah tana kuka tana dariya, ta jawo Hulda ta rungume. "'Yata, kin kawo mini shi gida, har da labarin inda yake."

Jawabin Hulda ya koma inda ya fito. Ta hango Miriyam ta ɗaga hannu kamar a aji, ta cika ƙirji da iska za ta yi bayani. Uwa ta tsallake mata biyu da kujera ɗaya, ta cusa mata biskit a baki, ta fita da ita duba kaji.

Yanzu hoton yana tsakiyar bango, an sauke kalanda an ba shi wuri. Mutane suna zuwa kallo bayan coci. Mama Serah ta koma cin tuwonta har da neman ƙari. Shugaba kaɗai take tambaya lokaci-lokaci ina hoton ankonsu da Baba ya ɗauka, Hulda takan ce bai fito ba, wanda shi ma gaskiya ne.

Gargaɗi

Ni matakai na ba ki, ban ba ki alkawarin ɗaukaka ba. Na ji wata a unguwarmu ta ciro tsohuwar kyamarar ubanta tana tambayar tsawon lokacin da ake barin ƙofa a buɗe kafin haske ya sauka a kan mutum. Idan ke ce, ki ji da kyau: za ki samu farar takarda, ba uba, ba hula, kuma kada ki zo ƙofata da kuka. Duk abin da ya same ki a layin filin jirgi, ko a hannun Zumuntar Mata, ko a hancin fasinjoji, naki ne ke kaɗai.

Kuma idan kin gane gidan da nake magana a kai, kika je gaisuwa, Mama ta kama hannunki ta kai ki gaban bango, ki dubi hoton ki ce, "Kai, Mama, Allah ya yi aiki." Ki sha ruwanki ki tafi. Idan kika kuskura kika yi mata bayanin ƙunar haske, ke za ki zauna ki ba ta tuwo a baki har ta sake yarda ta ci.